Wanda zai rufe kwaɗo a akwati ya fara tanadar masa ruwa da abinci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana a kan wani kiwo da bai saba shiga shafin noma da kiwo ba, wato ajiye kwaɗo a cikin akwatin gilashi a gida. A Turai da Amurka da Japan abu ne da aka daɗe ana yi, har akwai masu sana'ar hayayyafa kwaɗi don sayarwa. Yanzu bidiyoyinsu na yawo a wayoyin matasanmu, wasu na sha'awar gwadawa, ga kuma makarantun da ke ajiye kwaɗi saboda darasin bayoloji. Bidiyon yakan nuna kwaɗo ya cafke ƙwaro a cikin daƙiƙa ɗaya. Ba ya nuna inda ƙwaron ya fito, ko abin da aka ciyar da shi, ko irin ruwan da kwaɗon ke zaune a ciki, alhali a waɗannan wuraren ne akasarin kwaɗin da ake kiwo ke mutuwa.

Lamarin ba na wasa ba ne a wurinmu. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito cewa wani likita ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Duk wanda ya ɗora murfi a kan wata halitta, cinta da shanta sun hau kansa.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fata yake tsotsarsa, musamman fatar ciki da ta cinyoyi, shi ya sa za a gan shi ya baje a cikin ruwa ya yi shiru. Wani ɓangare na numfashinsa ma ta fatar yake yi. Fatar kamar soso take, abin da ta taɓa shi take zuƙa, mai kyau da marar kyau. Ruwan famfo da aka sa wa kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, yana ƙona ta. A tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya yi awa 24 zuwa 48 kafin a yi amfani da shi, kulorin ɗin zai fice. Akwai wani nau'in sinadarin, kuloramin, wanda ba ya ficewa da ajiya, sai an ɗiga maganin da masu kiwon kifin ado ke amfani da shi, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Ruwan leda ma kada a ɗauka ya tsira, wasu kamfanoni na sa kulorin. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya yi, muddin ba shi da ɗanɗanon gishiri ko kanwa. Ruwan sama ya fi duka, amma ban da na farkon damina da ya wanko ƙura da kashin tsuntsaye daga kan kwano. Ruwan batir kuwa, wanda aka tace duk gishirin ma'adinan da ke cikinsa, ba ya dacewa da zaman kwaɗo, domin yana kwarara cikin jikinsa fiye da kima yana kuma janye masa gishirin jini.

Kaskon ruwan ya zama mai faɗi marar zurfi, yadda idan kwaɗon ya zauna ruwan ba zai wuce haɓarsa ba. Mutane na mamaki idan aka ce kwaɗo na nutsewa ya mutu, amma nau'o'in da ke rayuwa a ƙasa ba gwanayen iyo ba ne. A sauya ruwan kullum, ko da ido bai ga datti ba, saboda a ciki yake fitsari da kashi, kuma abin da ya fitar shi zai koma jikinsa ta fata. Alamar hakan ta faru ita ce a ga kwaɗo na tsalle barkatai, ƙafafunsa na baya sun miƙe sun sandare, idanunsa sun yi hazo. Da an ga haka a ɗauke shi a sa a ruwa mai tsabta marar zurfi, ana sauyawa duk bayan 'yan awoyi, a kuma kwashe ƙasar akwatin gaba ɗaya a zuba sabuwa.

Ba kowane kwaɗo ne zai iya zama da mu ba. Kwaɗin nan 'yan ƙanana masu launin shuɗi da ja da rawaya na dazukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, waɗanda suka fi ɗaukar ido a hoto, suna son zafi tsakanin digiri 22 da 26 ne, idan ya kai 30 ya daɗe sai su fara mutuwa. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, irin Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, kuma wuta ba ta da tabbas, sayen su zalunci ne, ban da cewa fataucinsu tsakanin ƙasashe na buƙatar takardar izini ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan fataucin namun daji da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa. Koren kwaɗon bishiya na Ostareliya da Niyu Gini, wanda ake kira na White, ya fi juriya: digiri 24 zuwa 29 da rana, ƙasa da haka kaɗan da dare, kuma yakan yi shekara 15 ko fiye a hannun mai kula. Kwaɗo mai ƙaho na Ajantina da Faragwai da Barazil, Ceratophrys, wanda kusan rabin jikinsa baki ne, yana son digiri 24 zuwa 28. Babban kwaɗon Afirka, Pyxicephalus adspersus, namijinsa kan haura santimita 20 ya kuma wuce kilo ɗaya, yana da wasu tsinaye kamar haƙora a muƙamuƙin ƙasa, cizonsa na fitar da jini. A ganinmu, mai koyo a ƙasar Hausa ya fara da kwaɗon nan mai kaushin baya da ke taruwa ƙarƙashin fitila da damina, wato kwaɗon gida, wanda masana ke kira Sclerophrys regularis. Ya saba da yanayinmu, ba ya zaɓen abinci, kuma idan kiwon ya gagara akwai inda za a mayar da shi.

Kowane nau'i da akwatinsa. Ba a haɗa nau'i biyu, domin abin da fatar wani ke fitarwa guba ne ga wani, ba a kuma haɗa babba da ƙarami, domin duk abin da ya motsa ya kuma shiga baki abinci ne a wurin kwaɗo, ko da ɗan'uwansa ne. Mai ƙaho da babban na Afirka kowanne shi kaɗai ake ajiye shi a akwati. Kwaɗon bishiya tsayi yake so: akwati mai santimita 45 faɗi, 45 zurfi, 60 tsayi ya ishi ɗaya ko biyu, da rassa da ganye masu faɗi. Na ƙasa fili yake so: santimita 60 da 30 ya ishi mai ƙaho ko kwaɗon gida, babban namijin Afirka kuwa sai 90 da 45. Idan mai yankan gilashi ne zai haɗa, a tabbata silikon ɗin da zai liƙa da shi na tankin kifi ne, ban da na banɗaki wanda aka gauraya da maganin fumfuna, a kuma bar shi ya sha iska har warin tsamin nan ya tafi ɗungurungum, abin da kan ɗauki kwanaki. Babbar robar ajiye kaya mai haske ma ta yi. Murfin ya zama na raga mai ƙananan ramuka kamar ta taga, mai makulli ko abin dannewa, domin kwaɗon bishiya na hawa gilashi, na ƙasa kuma na tura murfi da ka.

A ƙasan akwatin a zuba tsakuwa kimanin santimita 5 don rarar ruwa ta sauka, a shimfiɗa raga a kai, sannan ƙasa. Raga ɗin dole ce. Kwaɗo na haɗiye abin da ya manne wa ƙwaron da ya cafka, tsakuwa ɗaya ta isa ta toshe masa hanji, ya daina ci, ya daina kashi, ciki ya yi tauri. Garin ɓawon kwakwa shi ya fi, domin yana riƙe laima kuma idan an haɗiye kaɗan yana wucewa. In babu, a samo baƙar ƙasa daga inda ba a taɓa zuba takin zamani ko yin feshi ba. Kaurinta ya kai santimita 8 zuwa 10 ga masu binne kansu. Gwajin laimarta shi ne a dunƙula a hannu: ta haɗe amma kada ruwa ya ɗiga. A watsa busasshen ganyen mangwaro ko na ayaba a sama, a kifa rabin tukunyar ƙasa ta zama maɓoya. Itacen darbejiya da na turare kada su shiga, akwai sinadarai masu ƙarfi a jikinsu. Idan za a dasa tsiro, a wanke saiwarsa tas daga ƙasar da ya zo da ita. Kashi a tsince shi kullum, ƙasar kuma a sauya ta duk bayan mako huɗu zuwa shida. Wankin akwati da ruwan zafi ne kawai, ba omo, ba sabulu, ba maganin wanke banɗaki.

Ma'aunin zafi da ma'aunin laimar iska ba kayan ado ba ne, kuma ba su da tsada. A rataya su a cikin akwatin, a daidai inda kwaɗon ke zama. Da bazara a ajiye akwatin a ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Akwatin gilashi da rana ta haska kai tsaye na iya kashe abin da ke ciki cikin ƙasa da awa ɗaya. Idan ma'auni ya nufi 30, a naɗe robar ƙanƙara da tsumma a ɗora a kan ragar murfin, sanyin zai riƙa sauka. Jiƙaƙƙen buhu a jikin akwatin, inda iska ke kaɗawa, yana rage zafi, haka ma jingina shi da randa mai ruwa. Da hunturu matsalar ta juya. Laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali mai ƙaho na son 60 zuwa 80, na bishiya kuma 50 zuwa 70. A yi feshin ruwa safe da yamma, a rufe rabi ko kashi biyu cikin uku na ragar da gilashi ko leda, amma kada a toshe duka, domin iskar da ba ta motsi ita ke kawo fumfuna da ciwon fata. Daren Disamba da Janairu kan yi sanyin da zai sa kwaɗo ya daina narkar da abinci. Mai amfani da faifan ɗumama na lantarki ya manna shi a gefen akwati, ba a ƙasa ba, saboda kwaɗon da zafi ya dama ƙasa yake ƙara nutsawa, sai ya je ya tarar da wutar.

Idan ƙasa ta bushe, mai ƙaho da babban na Afirka sukan binne kansu su lulluɓe jikinsu da busasshiyar fata mai kauri, su daina motsi. Mutane da yawa sun jefar da kwaɗo mai rai a wannan hali. Ba a ɓare fatar. A jiƙa ƙasar a hankali, a zaunar da shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi marar zurfi, shi da kansa zai yaye ta ya cinye. Cin tsohuwar fata ɗabi'ar kwaɗo ce ko a lokacin lafiya, yakan yi saɓa a kai a kai, a gan shi yana hamma yana jan fatar zuwa baki da hannuwansa.

Abinci shi ne inda aikin yake. Kwaɗo ba ya cin tuwo, ba ya cin ganye, ba ya kula ƙwaron da ya mutu. Idonsa motsi yake bi. Saboda haka mai kiwon kwaɗo mai kiwon ƙwari ne, kuma kiwon ƙwarin ya kamata ya riga zuwan kwaɗon da wata ɗaya ko biyu. Wanda ya dogara ga abin da zai kama a tsakar gida zai wadata da damina, ya rasa da rani.

Gyare shi ne ginshiƙi. A samu roba mai santsin ciki da za ta ci lita 40 zuwa 60, a yi mata murfin raga, a jera kiret ɗin ƙwai na kwali a tsaye don su samu wurin ɓuya. Ruwansu a jiƙaƙƙiyar auduga ko yankan lemo ake ba su, domin a buɗaɗɗen ruwa nutsewa suke yi. Tamatar ita ce mai doguwar allura a baya, namijin shi ke kuka. A sa musu ƙaramin kwano da ƙasa mai laima zurfin santimita 5, matan za su soka ƙwai a ciki. Bayan kwana uku zuwa biyar a ɗauke kwanon zuwa wata robar, don manyan na tone ƙwan su cinye, a riƙa yayyafa masa ruwa kada ya bushe. A zafin digiri 30 ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana 10 zuwa 14, 'ya'yan su girma cikin mako shida zuwa takwas. Abu biyu ke ƙarar da gyare. Na farko danshi da ƙazanta a cikin robar: a kwashe matattu kullum, a share kashinsu duk mako. Na biyu kiyashi, wanda kan cinye ƙananan a dare ɗaya. A ɗora robar a kan teburin da aka tsoma ƙafafunsa a gwangwanayen ruwa, ba a yi feshi ba.

Girman ƙwaron kada ya wuce tazarar da ke tsakanin idanun kwaɗon. Masu faffaɗan baki na iya ɗaukar fiye da haka, amma ko su kada a ba su abin da ya wuce rabin faɗin kansu. Kwaɗo ba ya tauna, da idanunsa yake taimaka wa haɗiya, yana runtsa su su danna abincin ƙasa. Abin da ya yi masa girma ko ya amayar da shi, ko ya ruɓe a ciki kafin ya narke, ciki ya kumbura. Ƙaramin kwaɗo mai tasowa kullum ake ba shi, ƙananan ƙwari uku zuwa biyar. Baligi sau biyu ko uku a mako, gyare uku zuwa shida. Baligin mai ƙaho sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe shi. Bayan magariba ya fi, lokacin ne suke farauta. Abin da bai ci ba cikin minti 15 a fitar da shi, saboda gyare mai yunwa na gwaguyar fatar kwaɗo yana barci, ciwon kuma ya zama ƙofar cuta. Masu cizo da dogon hantsaki mai laushin baki ake miƙa musu, na ƙarfe mai tsini na fasa musu baki.

Gyare shi kaɗai ba ya riƙe kwaɗo, kuma nan ne kuskure mafi yawa yake. Sinadarin fosfaras da ke jikin gyare da fara da kyankyaso ya ninka kalsiyam sau da yawa, alhali jikin kwaɗo na buƙatar kalsiyam ya rinjaya. Idan bai samu a abinci ba sai jiki ya riƙa ɗiba daga ƙashi. Wata da watanni ba a ga komai ba, sannan muƙamuƙin ƙasa ya yi laushi ya saki, ƙafafu su lanƙwashe, yatsu su riƙa karkarwa, kwaɗon ya kasa ɗaga jikinsa ko kama abinci. Ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Rigakafin hawa biyu ne. Da farko a ƙosar da ƙwarin da abinci mai kyau awa 24 zuwa 48 kafin a ba da su: ganyen zogale, karas, kabewa, dankali, da ɗan abincin kaji wanda ba a sa wa magani ba. Abin da ke cikin gyaren shi ne rabin amfaninsa. Sannan a barbaɗe su da garin kalsiyam: a sa su a leda da ɗan garin da yatsu biyu za su tsunkulo, a girgiza har su yi fari-fari, a ba da su nan take kafin su goge jikinsu. Mai tasowa a kowane ci, baligi sau ɗaya ko biyu a mako. Inda ba a samun garin na kanti, ɓawon ƙwai na maye gurbinsa, domin kusan dukkansa kalsiyam kabonet ne. A tafasa shi minti 10, a cire farar fatar ciki, a shanya, a daka, a tankaɗe har ya yi laushin fulawa.

Sai dai ɓawon ƙwai ba shi da bitamin D3, kuma ba tare da shi ba hanji ba ya ɗaukar kalsiyam ɗin. Ana samun sa ta garin da aka riga aka haɗa da D3, ko ta ƙwan fitila na musamman mai hasken UVB marar ƙarfi, irin hasken rana da ke sa fata ta samar da bitamin ɗin, a kunna awa 10 zuwa 12 a rana a saman raga. Gilashi na tare wannan hasken, don haka hasken da ya ratso taga ba ya amfanar da komai ta wannan fuska. Ƙwan fitilar kuma ƙarfinsa na raguwa tun yana ci, a sauya shi bayan wata shida zuwa shekara. Akwai kuma bitamin A. Rashinsa na busar da yauƙin da ke kan harshe, sai a ga kwaɗo na harbin ƙwaro daidai amma ƙwaron ba ya mannewa, ya yi ta ramewa abinci na gabansa. Garin bitamin na dabbobi masu rarrafe sau ɗaya a mako ko a mako biyu ya wadatar. Kada a ƙara a kan haka da nufin alheri, A da D3 taruwa suke a jiki su lalata hanta da ƙoda, kada kuma a ɗura masa na mutane. Garin da aka buɗe ya wuce wata shida a sauya shi, musamman a zafinmu.

A riƙa sauya masa baki. Tana na daga cikin mafi kyawun abincinsa, tana da kalsiyam fiye da gyare, a tono ta daga ƙasar da ba a sa wa magani ba, a yanka wa ƙanana gunduwa-gunduwa. Tsutsar baƙin ƙudan nan da masu kaji da kifi suka fara kiwo ita ma tana da kalsiyam sosai, amma a huda ta da allura kafin a bayar, in ba haka ba takan fito yadda ta shiga. Shinge na farkon damina abinci ne mai maiƙo, a ba shi jefi-jefi, ban da sojojin gara masu cizo. Ƙananan fara sun yi, a cire musu ƙafafun baya masu ƙaya. Farar da ke cin tumfafiya da duk ƙwaro mai launi mai ɗaukar ido ko mai wari a bar su, guba suke ɗauke da ita. Kyankyason masai da na kicin ba abinci ba ne. Jinjirin ɓera da ake gani ana ba manyan kwaɗi a bidiyo ba dole ba ne. Yawan ba da shi na kawo ƙiba da wani farin kitse da ke taruwa a kan ido har ya makantar. Kwaɗon bishiya na White ma ba ya sanin ya ƙoshi: idan naman da ke saman kunnensa ya kumbura ya fara rufo ido, a rage abinci.

Ƙwaron da aka kama a waje yana da haɗari biyu, tsutsar ciki da maganin feshi. Kada a kamo daga gonar da aka yi wa feshi ko kusa da ita. Wanda aka kamo a ajiye shi kwana biyu ana ba shi abinci mai tsabta, idan suka fara mutuwa a zubar da su duka. A cikin gida kuma, fiya-fiya da filit da maganin sauro na kunnawa duk suna kashe kwaɗo a ɗakin da yake, hayaƙin turaren wuta ma ba ya yi masa kyau. Ɗakin da akwatin yake, gidan sauro shi ne mafita.

Kwaɗo abin kallo ne, ba na riƙewa ba. Idan dole ta sa, a wanke hannu da ruwa zalla a bar shi a jiƙe, babu sabulu, babu man shafawa, babu turare, ko a sa safar hannu marar hoda. Bayan an gama a wanke da sabulu sosai. Kwaɗi na ɗauke da ƙwayar salmonela ba tare da ta dame su ba, a mutum kuwa tana kawo gudawa da zazzaɓi. A Amurka tsakanin 2008 da 2011 ɗaruruwan mutane, akasarinsu yara, sun kamu da ita daga ƙananan kwaɗin ruwa na Afirka da ake sayarwa a shaguna. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kada ya taɓa kwaɗon ko ruwansa, kuma ba a wanke kayan akwatin inda ake wanke kwanuka. Kwaɗon gida yana da ƙulli biyu a bayan idanu masu fitar da farin ruwa idan an matsa masa, yana da zafi a ido, yana kuma cutar da kare ko kyanwar da ta cije shi.

Cutar da ta fi gaggawa ita ce a ga cikin kwaɗo da cinyoyinsa sun yi ja, ya yi laushi, ya daina ci. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga jini, galibi saboda ƙazantar ruwa, kuma tana kisa cikin kwanaki. Wannan ta likitan dabbobi ce, ba a ɓare kafso a zuba a ruwa da ka. Kwaɗon da ke ci yana ramewa kuma a kai ɗanyen kashinsa a duba tsutsa, asibitocin koyarwa na dabbobi irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri na da ɗakunan wannan gwaji. Sabon kwaɗo a keɓe shi aƙalla kwana 30, in da hali 60, a robar da aka shimfiɗa wa jiƙaƙƙiyar farar takarda don a riƙa ganin kashinsa, da kayan aikinsa daban.

Keɓewar na da wani dalili mai girma. Akwai fumfunar fata da ake kira kitirid, wadda masana suka gano a 1998 cewa ita ke kashe kwaɗi a Ostareliya da Amurka ta Tsakiya. Tana kaurara fatar har ta kasa daidaita gishirin jiki, zuciya ta tsaya. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2019 ya danganta ta da raguwar nau'o'i 501, 90 daga ciki ana kyautata zaton sun ƙare, kuma fataucin kwaɗi na daga cikin hanyoyin da ta bi ta zagaya duniya. Saboda haka ruwan akwatin baƙon kwaɗo, wato wanda aka shigo da shi daga wata ƙasa, ba a zuba shi a kwatar da ke gangarawa kududdufi ko rafi, a zuba a masai ko a busasshiyar ƙasa inda rana ke duka. Baƙon kwaɗon da aka gaji da shi kuma ba a sake shi a fadama. A 1935 an kai wasu manyan kwaɗi Ostareliya daga Hawai don su cinye ƙwarin rake, ba su magance ƙwarin ba, suka bazu a arewacin ƙasar, gubarsu na kashe macizai da ƙadangaru da sauran namun dajin da ke cin su har yau. Wanda ya kasa riƙe baƙo ya nemi wani mai kiwon ko sashen nazarin dabbobi na wata jami'a ya miƙa shi. Na gida kuwa, idan lafiyarsa ƙalau kuma bai taɓa haɗa akwati ko kasko da baƙo ba, a mayar da shi daidai wurin da aka ɗauko shi, da damina, bayan faɗuwar rana.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin dabbobi, Zariya.